Baƙin Akwati Mai Ramuka

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Ka yi haƙuri, littafi. Don lissafi aka saye ka, ni kuma ban kai mai rubuta labarin kanta ba. Amma ba wanda zan iya faɗa wa.

Yaya Badruddeen ya kawo min kwamfutarsa daga Kano in yi ta gwajin jarrabawar shiga jami'a, don a kwamfuta ake yin ta, ni kuwa ban saba ba. Ya haɗa ta da babban allo da modem ɗin intanet ta wani ƙaramin baƙin akwati mai ramuka, ya jona a solarmu, ya koma. Yau ina tsakiyar gwaji allon ya yi duhu, intanet ya ɗauke, kwamfutar ta mutu. Me na taɓa?

Laraba, 9 ga Afrilu

Ta sake. Da safe lafiya lau, bayan la'asar sai ta mutu. Inna ta ce zafi ne, ta tsaya tana yi mata fifita.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na naɗe kwamfutar a zane, na hau Keke Napep daga Gafasa zuwa Gaya. Akwatin ban ɗauka ba, na zaci ba shi da wani aiki. Muzammil mai gyara ya kunna, ya danna nan, ya danna can. "Ƙanwata, wannan ai ta fi ni lafiya." Kunya kamar in nutse. Ko ni ce ba ta so?

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kira Yaya. Ya ce me da me ke jikin akwatin? Na ce abin da ya bari. Ya ce, "Leƙa dai." Na leƙa bayan tebur: wayar Baffa Tukur, fitilar Gwaggo Batula, da wata wayar da ban san mai ita ba. Ashe in sun dawo daga kasuwa ta taga suke miƙo hannu, duk ramin da suka samu su cusa. Gidanmu ne mai sola, kowa nan yake caji, ba a tambaya. Yaya ya ce akwatin ba zai iya ciyar da su duka ba, sai ya yar da allo da intanet, har da kwamfutar. "Ki ce su cire."

Ni? In ce wa Baffa? Ko gaishe shi nake ban ɗaga kai.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ban faɗa ba. Ta mutu ana saura kaɗan in gama. Jarrabawa na matsowa, har yanzu ban taɓa kai gwaji ƙarshe ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Hannun Baffa ya shigo ta taga. Na durƙusa, na ce don Allah Baffa ga soket a zaure. Muryata ce kuwa? Ya ce, "Iye! 'Yar boko ta kafa doka." Ya zare wayarsa yana dariya. Na ji shi yana tare Gwaggo a hanya: "Kar ki kashe wa likitarmu karatu."

Na kai ƙarshen gwajin. Makin ba daɗi, amma na gan shi.

Ba wani abu na yi ba fa, soket kawai na nuna. Littafi, in ba damuwa, ka bar min shafin baya in ƙara?