Kusurwar Taga

Litinin, 4 ga Oktoba, 1976
Mun koma makaranta. Aji bakwai ya cika ya batse, amma kusurwar taga wayam take, domin an ɗauke Malam Jethro, abokin aikina tun kafin a sauke tutar Turawa, zuwa ma'aikatar ilimi a Jos. Ya ce aronsa aka yi, na ɗan lokaci ne. Da wannan magana nake kwana, da ita nake tashi.

Laraba, 6 ga Oktoba
Na buɗe manhaja, na tarar mun iso darasin kalmomin Turanci masu rubutu ɗaya da ma'ana biyu. Na rufe ta a hankali.

Wannan darasi ba na mutum ɗaya ba ne. Mu biyu muka ƙaga shi, mu biyu muke yin sa: shi a taga, ni a ƙofa, kalmar tana kan allo tsakaninmu. In *date* ce, ya ɗaga dabino, in ɗaga kalanda, kowa ya dage tasa ce ta gaskiya. In *well* ce, ya zo da guga, ni in bugi ƙirji in nuna ƙoshin lafiya. Mu yi ta jayayya har yara su tashi su raba mu da cewa dukanmu muna da gaskiya. Sannan in rera baiti, ya raba dabinon. Akwai magidanta a unguwar Liman Abaji da har yau in sun gaishe ni sai su ƙara da, "Malam, dabino ko kalanda?"

Zan jira shi. Na tsallaka zuwa babi na gaba.

Juma'a, 15 ga Oktoba
Ga allo, ga taga, ga ƙofa,
Ga ni tsaye ni kaɗai ɗaya.
Kalma guda mai fuska biyu,
Yaya za ta fito ta baki ɗaya?

Talata, 26 ga Oktoba
Hedimasta ya kira ni ofis. Ya ce jarrabawar Disamba ba ta tsallake babin nan, kuma da ita za a tace waɗanda za su nemi sakandare. "Malam Idris, yaran ba su san Jethro na Jos ba, jarrabawar ma ba ta sani ba." Na ce akwai sauran lokaci. Ya dube ni ta saman tabarau.

Da na fito sai Malama Lea ta tare ni a baranda. Ɗalibarmu ce a da, yanzu uwar 'ya'ya, ita aka ba aji shida. Ta rusuna ta ce, "Baba Malam, in ka yarda ni sai in tsaya a tagar. Ai na ci dabinon nan, na san hanyarsa." Na yi mata godiya mai tsawo, irin wadda ake yi in za a ce a'a.

Asabar, 30 ga Oktoba
Na sayi dabino mai kyau wurin Ɗan'azumi a kasuwa, na ajiye a kwanon sha. Na ranar da zai dawo ne.

Alhamis, 11 ga Nuwamba
Na gwada ni kaɗai. Na tsaya a ƙofa na ɗaga kalanda, na taka zuwa taga na ɗaga hoton dabino da na zana, na dawo ƙofa ina haki don in musa wa kaina. Yara suka sunkuyar da kai, yadda ake yi wa babba in ya yi tuntuɓe. Wata yarinya ta tambaya, "Malam, to wanne za mu rubuta?" Ban taɓa jin wannan tambaya ba a zamanin Jethro.

Da na koma gida matata Hauwa'u ta ce, "Malam, dabinon nan naka tururuwa sun fara yi masa mubaya'a. Ko dai a ci, ko a bayar." Na ce ta ɗora kwanon bisa faranti mai ruwa.

Asabar, 20 ga Nuwamba
Ya zo.

Da hantsi na ji ƙahon mota a ƙofar gida, na fita ba hula. Fijo ce ta gwamnati, shi a baya, ya yi ƙiba, wuyansa cikin taye. Ya rungume ni yana cewa, "Sha'irin Keffi, har yanzu ba a naɗa ka ba?" Muryar ce dai, ba ta canza ba. Muka zauna a zaure, na kawo kwanon. Ya ci guda, ya lumshe ido. Na jefa masa *match*, kafin in rufe baki ya zaro ashana daga aljihu, ni kuma na shuri iska kamar mai buga ƙwallo. Muka yi dariya har da hawaye.

Sai ya dubi agogo. Ashe kwashe iyali ya zo yi: matarsa Susana da yara suna gidansu na Gangaren Tudu suna ɗaure kaya, babbar mota tana jira. An tabbatar da shi a kujerarsa ta Jos. Na ce, "Ai ka ce aro ne." Ya ce, "Idris, gwamnati ba ta iya mayar da aro ba." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Na raka shi har bakin titi. Ban yi baiti ba yau.

Lahadi, 21 ga Nuwamba
Na bi ta ƙofar gidansu. An cire labule.

Talata, 23 ga Nuwamba
Na aika wa Malama Lea cewa in tana da sarari gobe, ta leƙo aji bakwai. Don yara ne kawai, jarrabawa ta matso.

Laraba, 24 ga Nuwamba
Ta zo da guga, har da igiyarsa da ruwa a ciki, abin da Jethro bai taɓa yi ba. Ba ta da nutsuwarsa, tana katse ni, kuma ta ce mini a gaban yara, "Baba Malam, da wannan tarin naka kake cewa lafiya ce ma'anarta?" Ajin ya kece da dariya. Yarinyar nan mai tambaya ita ta fara miƙewa ta raba mu.

Ba daidai da na da ba ne, kuma ba zai zama ba. Na rera tsohon baiti, ta raba dabinon, kwanon ya koma gida wayam.

Ta ce ranar Juma'a tana son mu yi *bank*, wai za ta ɗebo yashi daga bakin kogin Antau. Na ce sai na duba. A hanya na tsaya wurin Ɗan'azumi, tunda dai hanyata ce. Baitin *bank* ɗin ma ya tsufa, ɗango na biyu yana ɗingishi. Na ɗan taɓa shi bayan la'asar.