Kurakurai Arba'in da Ɗaya a Sunan Abu Firas

Irbid, ranar Asabar.

Zuwa ga yayana Haisam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Anti Rula da ƙaramar Tala. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa muku sanyin Kanada. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta je tsinkar zaitun a gonar Kawu Nayif, ko da yake zama ta yi tana ba da umarni. An sami garwa bakwai ta mai, ta ware maka ɗaya.

Yaya, akwai abin da ke damuna, kuma ban iya faɗa a waya ba don Mama ba ta nisa da ni. Ka san kamfanin da nake gwajin aiki, masu gina shafukan intanet. Mu shida ne. Can idan shafi ya sami matsala, a rukunin waya ake faɗa, wasu a gyara, wasu a manta. Mai kamfanin, Ustaz Galib, ya sa ni in gwada manhajojin rubuta kurakurai da bin sawunsu, irin na kyauta waɗanda kowa ke iya buɗe cikinsu ya canza, in zaɓo mana ɗaya. Kwana goma sha huɗu na yi da guda uku. Ta farko ba ta jera Larabci daga dama. Ta biyu ta fi ƙarfin na'urarmu. Ta uku ta yi, har ta yarda cewa Juma'a da Asabar ne hutunmu.

Don gwajin ya zama na gaske, sai na zuba mata kurakuranmu na wata uku, guda sittin da huɗu. Kowane kuskure yana da gurbi ɗaya na suna, wato wanda gyaran ke hannunsa. Arba'in da ɗaya suka faɗa a sunan Abu Firas, babban injiniyanmu, mai shekara hamsin da takwas. Dalili kuwa ɗabi'arsa ce. Idan ƙarami ya yi ɓarna, sai ya ja kujera ya ce a bar masa, ya gyara, maganar ta mutu a nan. Cewa yake babba ba ya barin a kira sunan na ƙasa da shi a gaban mutane.

Ranar Alhamis na nuna wa Ustaz Galib. Bai dubi komai ba sai jerin sunayen. Ya ɗauka masu ɓarnar ne aka jera, ya ce ashe tsohon ne ke nutsar da su, ranar Lahadi, wato gobe ke nan, za a zauna a kan maganarsa. Ni kuwa, Yaya, na fito na bar shi da wannan fahimtar. Na koma na ƙirga sau uku. A cikin arba'in da ɗayan nan, uku kaɗai ne nasa. Goma sha biyu nawa ne, har da wanda ya sa shafin wani kantin magani ya riƙa tura saƙon masu saye zuwa reshen da aka rufe, kwana biyu cur. Gwajin aikina kuma ƙarshen watan nan zai ƙare.

Na sami Abu Firas yana haɗa shayinsa na ganyen maramiyya mai ƙamshi, na faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce ni Sarauniyar Ƙidaya na ƙirga shi har na kai shi ƙofa. Sannan ya ce in kama bakina, wai Galib ba zai iya korarsa ba, don shi Abu Firas ne ya koya masa kunna kwamfuta. Amma na ga sau biyu ya zuba sukari bai sani ba, kuma 'ya'yansa biyu suna jami'a. Da zan fita ya ce, "'Yata, ni na sha gaban wannan, ke yanzu kika fara. Kada ki yi mini wauta."

Na yi masa wautar. Tunda manhajar a buɗe take, jiya na ƙara mata gurbi na biyu, na wanda kuskuren ya fito daga hannunsa. Na rubuta sunana a goma sha biyu, nasa a uku. Sauran ashirin da shida na bar su fili, masu su sun san kansu, ba ni zan tona su ba. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ban san ko zan wuce Lahadi da aiki ba, ban kuma san ko Abu Firas zai sake yi mini magana ba, don abin da ya rufe da hannunsa na buɗe.

Ka sa ni a addu'a, kuma kada Mama ta ji tukuna. Ka gaishe mini da Anti Rula, ka sumbaci Tala. Mama da Kawu Nayif da Inna Basima suna gaishe ku. Takardar sabon jerin da zan miƙa wa Ustaz Galib gobe tana cikin jakata, sunana ne a layin farko.

Ƙanwarka mai kewarka,
Lujain