Ƙodar Kawu Dabo

Zuwa ga Yaya Dabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ɗinkinka ya warke, Inna da yara kuma suna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da girma na koya.

Yaya, na rasa ta inda zan fara. Ciwon 'yata Furera ya dawo. Fitsarinta yana kumfa kamar an zuba sabulu, fuskarta ta kumbura kamar da. Na tambayi likita ko noma ne ya gajiyar da ƙodar da ka ba ta. Ta ce ƙodarka lafiya lau take, ciwon a jinin yarinyar yake, kamar ƙuduji da ke kwance a gona yana jiran sabuwar shuka. In ba a wanke jinin ba, zai cinye ƙodar. Wankin kuwa sai da jinin mutane da yawa. Wa zan roƙa a shekarar da ake cin abinci sau ɗaya?

A mararta aka sa ƙodar, har ana jin ta da hannu. Kullum da safe sai ta dafa wurin ta ce wa ƙodar, Kawu ina kwana. Na kasa gaya mata abin da likita ta ce.

Ƙanwarka,
Barira

Zuwa ga Yaya Dabo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar jikinka, don an ce da ƙafa ka bi gari gida-gida kana roƙon jini.

Motar Ɗambatta ta sauke mutanen garinmu a asibiti nan Kano, da ƙasar gona a ƙafafunsu. Har Mati, wanda kuka yi rigimar iyakar gona, ya miƙa hannu aka ɗiba.

Yaya, na ga ikon Allah. Inji ne yake jan jinin Furera, ya ware wani ruwa rawaya kamar man gyaɗa ya zubar, ya mayar mata da ruwan jinin mutane. Ashe haka muke a ciki. Na tsaya ina kallon garinmu yana shiga jikin 'yata ɗigo-ɗigo, bakina ya kasa komai sai tasbihi.

Likita ba ta yi alkawari ba, ta ce ciwon yana iya komowa. Amma yau na kai kwanon fitsarin bakin taga, na juya shi, na sake juyawa. Babu kumfa. Furera ta dafa mararta, ta ce in rubuta maka Kawu ya amsa.

Allah ya bar zumunci. A gaishe da Inna da Mati.

Ƙanwarka,
Barira