Shafi Ɗari Uku da Goma

9 ga Yuni

Ƙanwata,

Yau shekara ashirin da shida ke nan da malamina ya buga kundin digirina na uku da sunansa. Ya gida da yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ciwon bayan nan da tsayuwa a shagon haɗa littattafai ke jawo mini. Kada ki gaya mata.

Shekaranjiya wata ɗaliba ta kawo kundinta a sa masa bango. Bincikenta kan na'urorin nan ne masu rubutu kamar mutum: in sun kwashi aikin wani, wa za a tuhuma? Na tsaya karantawa har gam ya bushe. Na ce ta tambayi na'urar batun bincikena. Sai ga shi tsaf, har da misalin da na ji a bakin mahaifinmu, wai na malamina ne. Ko ita ma na'urar za a ce ta yi sata, tunda haka aka koya mata?

Ɗalibar ta ce, "Kawu, kawo hujja in sa ka a babi na biyar."

Na tuna saƙonki na bara, cewa gara ta cinye abin da ke akwatina. Asalin kundin ne a ciki. Shafi ɗari uku da goma ne da rubutun hannuna, kuma babu wani kwafi.

Yayanki