Tun da Na Manta Inda Na Ajiye Babur Nake Tsoron Ciwon Baba

Hajiya Mashkura, don Allah ki taimake ni, abin nan yana ci na a rai kuma ban faɗa wa kowa ba. Shekarata arba'in da bakwai, manomin shinkafa ne ni a Kaoje. Kakana ya yi gigin tsufa, mahaifina ma haka, shi nasa ma tun bai kai saba'in ba. Wata rana ya fita zuwa gonar da ya shekara arba'in yana nomawa, sai bayan kwana biyu aka same shi a wani ƙauye cikin Benin, ya tsallake iyaka bai sani ba. Da na je ɗauko shi, gaishe ni ya yi kamar baƙo. Har ya rasu bai ƙara kiran sunana ba.

Watan jiya na manta inda na ajiye babur a kasuwar Bagudo, na sha yawo kafin na gan shi. Tun ranar na tsorata. Na daina zuwa majalisa, ba na nisa da gida, maganin hawan jinina ma na ajiye na koma wani jiƙo da aka ce yana buɗe ƙwaƙwalwa. Yanzu ina shirin miƙa wa ƙanena Abbas gonar kafin shuka. Matata kuwa zato take fushi nake da ita. Ta ina zan fara?

Ɗan'uwanki daga Kaoje

Malam, Allah ya jiƙan Baba. Tsoronka yana da dalili, domin gado kan ƙara haɗarin wannan ciwo. Amma ba lallai ne ya same ka ba, kuma wanda bai taɓa neman babur ɗinsa ranar kasuwa ba, ina jin ba shi da babur ne.

Abin da ya dame ni, abubuwan da ke kare ƙwaƙwalwar su ne ka ajiye. Fara da hawan jinin, shi ne babba. Ka je asibiti a auna ka, ka koma kan maganinka, ka faɗa wa likita tarihin gidanku da batun jiƙon nan. Sai rage gishiri da samun isasshen barci, in kana shan taba ka bari. Ba zan ce maka waɗannan suna hana ciwon gaba ɗaya ba, amma suna rage haɗarinsa, kuma su ne a hannunka.

Gona kam kada ka bayar. Jikinka na buƙatar aikinta, kanka na buƙatar hirar majalisa. In aikin ya yi yawa, ku noma tare da Abbas.

Sannan ka zaunar da matarka yau ɗin nan ka faɗa mata gaskiya. Ita za ta fara lura in mantuwar ta wuce ta kowa, sai ku je wurin likita tare. Gara ku ji tsoron ku biyu da ta zauna tana ta neman laifin da ba ta yi ba. Allah ya ba ka lafiya da damina mai albarka.