Wayar da Baba Alu ya ce in sauke

Laraba da dare, Aliero

Na sauke wayar eriya yau.

Wata biyu ina haɗa rediyon oba-oban nan da dalma bayan an tashi makaranta. Na zaɓi irin wanda zai kamo na Yaya Bitrus da ke can gida tare da Mama, tunda sabis ya ɗauke a ƙauyenmu tun damina. Jiya na ja wayar daga rufin ɗakina zuwa darbejiyar bakin rumbun albasa. Da la'asar na ji muryar Yaya can ƙasa-ƙasa, yana kiran wani. Ban amsa ba, takardar izinina ta yin magana a rediyo ba ta fito ba tukuna.

Da safe mai gidan da nake haya, Baba Alu, ya zo, bai ko zauna ba. "Malam, ni na san ka. Amma mutane na tambayata da wa kaka magana cikin daji. Hidda wagga waya, don Allah."

Na so in yi fushi. To amma bara 'yan bindiga suka ɗauke ɗan ƙanensa a hanyar Maiyama. Ni ma da tsoron zan ji. Baba Alu ne ya riƙe mini tsani na sauke ta.

Na san dai jiya Yaya yana raye. Lafiyar Mama ce ban samu na tambaya ba.