Na Bakwai a Jerin Sunaye

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga 'yata Surayya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina lafiya, Ya sauƙaƙa miki karatu da sanyin ƙasar Turawa. Mu nan lafiya, sai gwiwar nan tawa. Mahaifiyarki ta leƙo daga Gyallesu ranar Juma'a, ko zama ba ta yi ba. Tun rasuwar matata Ishatu gidan ya yi mini girma.

Saƙonki ya shigo ta waya. Kin ce a binciken da za ki aika wa mujallar likitocin haƙori kin kafa hujja da tsohon aikinmu kan yaran ƙauye da ruwan rijiya ke ɓata wa haƙora. Amma ƙa'idar mujallar ita ce a ba kowane aiki lamba, a jera sunayen marubuta shida na farko, sauran a rufe su da "et al.", wato da sauransu. Ni ne na bakwai. Kina tambaya ko ki karya ƙa'ida ki sa sunana.

Kada ki yi. Edita zai dawo miki da takardar, ko ya goge ni da kansa, ki yi asarar watanni saboda tsoho. Ƙa'idar nan ni na koyar da ita, ina bin ɗalibai da jan biro a kan waƙafi ɗaya. Ranar da aka jera sunayen ba a kira ni ɗakin ba. Ni da marigayi Malam Godfrey, abokin aikina, muka yi ta yawon ƙauyuka a babur, muna buɗe bakin yara da madubi da tocila, muna ɗibar ruwan rijiya a kwalba. Wanda sunansa ke farkon jerin ko numfashin yaro ɗaya bai shaƙa ba. Godfrey ya samu na shida. Har ya rasu yana tsokanata, wai shi ne ƙyauren da aka rufe ni a bayansa. A lokacin, dariya nake yi. Yanzu ko mai tsokanar babu.

Sai dai akwai wata ƙa'idar a ƙasan shafi, wadda ku matasa ba kwa karantawa. Abin da mutum ya faɗa miki da bakinsa ba ya shiga jerin manazarta, amma ana rubuta sunansa a cikin rubutun, tare da ranar da kuka yi magana, in ya ba da izini a rubuce. To, takardar nan ita ce izinina. Akwai abubuwa game da rijiyoyin da ba mu buga ba, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sani. Ba zan rubuto su ba. Ki kira ni, in faɗa miki da baki. Kullum bayan la'asar ina zaune a zaure, wayar tana aljihuna, cike da caji.

Ki gaida maigidanki Zulkiflu, da ƙaramar 'yarku Sumaiya, wadda a hoto kawai na san ta. Allah Ya yi muku albarka.

Ni ne kawunki,
Kailani.